Shekarar Da Muka Ƙirga Akussa

Duk sa'ad da bazara ta tsaya, zafi ya fara rawa a kan duwatsun Kazaure, shekara ɗaya ce take dawo mini, shekarar da na bi wata Baturiya gida-gida muna ƙirga mutane don a haƙa musu rijiya. Lokacin ina koyarwa a makarantar firamare, maigidana yana kwas a Zariya, ni kuma na koma wajen kakata, Iya, wadda ta raine ni. Fari bai daɗe da wucewa ba, shanu sun mutu, rijiyoyi da yawa sun ƙafe. A birni kuwa kuɗin man fetur ya fara shigowa, kowa ka gani da sabuwar rediyo ko sabon keke. Mu a nan ƙasar muna jin labarin arzikin ne kamar yadda ake jin cida daga nesa, a ɗaga kai a dubi gabas, a ci gaba da abin da ake yi.

Hedimastanmu ne ya kira ni ana gobe hutu. Ya ce wata mata ta zo daga wata jami'a ta ƙasar waje, tana binciken yadda taimakon da ƙasashensu ke aikowa yake isa ƙauyuka, da dalilin da ya sa wani abin in an gina yake ɗorewa, wani kuma ya mutu kafin a gama cin shinkafar buɗe shi. Akwai wata ƙungiyar agaji da ke jiran rahotonta, za ta haƙa rijiyoyin kankare a ƙasar Roni da Gwiwa, amma rijiyoyin kaɗan ne, ƙauyukan da suka fi yawan jama'a su za a ba. Tana neman mace mai jin Turanci, domin namiji ba ya shiga gidajen mutane. Ya miƙo mini takardar sunayen ƙauyukan. Na bi da yatsa har ƙasa, can kusa da ƙarshe na ga ƙauyen da mahaifiyata take aure.

Ban ƙara jin sauran maganarsa ba. Abin da nake gani kawai wuyan mahaifiyata ne. Ƙauyen nan ba shi da rijiya, tun da aka kafa shi mata ke tafiya ƙorama, su tona yashi da sakaina, su zauna jiran ruwa ya tsatso. In rani ya yi nisa ramin yakan kai ƙugu. Duk zuwan da na yi hutu ina yarinya, abin da nake fara hangowa daga kan dutse shi ne jerin mata da tuluna a ka, suna tafe a hankali cikin kawalwalniya kamar ƙafafunsu ba sa taɓa ƙasa. Ko daga nesa nakan gane tawa, domin takan ɗan karkatar da kai gefen hagu, wuyan ya gaji tun da daɗewa. Na ce wa hedimasta na yarda tun bai faɗi ranar farawa ba.

Ni 'yar fari ce, kuma gidanmu Fulani ne da suka daɗe da zama har Hausa ta fi ƙarfi a bakinsu, amma kunya tana nan yadda aka gada. Ana yaye ni aka kawo ni Kazaure wajen Iya. Mahaifiyata ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa duban idona a gaban mutane ba. In tana son in miƙo mata abu, bango take faɗa wa. Ni ma ban taɓa ce mata Inna ba, Adda nake ce mata, yadda na ji ƙannenta suna faɗa. Ba na cewa abin ya dame ni a lokacin. Haka na ga kowace 'yar fari, haka na ɗauka duniya take.

Baturiyar doguwa ce, siririya, rana ta dafa mata hanci ya yi jawur har yana saɓa. Tana da Hausar littafi, irin wadda in ta gaishe ka sai ka ji kamar ana karanta maka wasiƙa. Iya ta dube ta sama da ƙasa ranar da ta zo ɗaukata, ta ce, "Wannan ita za ta kawo wa mutane ruwa? Ai ita ya kamata a fara jiƙawa." Na ce Iya ta yi shiru, ta ce ba za ta yi ba, gidanta ne. Baturiyar ba ta gane ba, ta yi ta murmushi tana godiya.

Kullum bayan asuba muke fita a Landiroba, direbanmu wani Kirista mutumin Filato, mai haƙuri, wanda ba ya magana sai mota ta kafe a yashi. Har yanzu in na rufe ido ina ganin hanyar. Duwatsun Roni suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, baƙaƙe, a kishingiɗe kamar shanun da suka ƙoshi. Gawo shi kaɗai ke da ganye shar, ɗorawa ta zubo da jajayen furanninta, can gaba kuma ruwan ƙarya ya kwanta a tsakiyar hanya, muna matsowa yana matsawa. Gyangyaɗi yakan ɗauke ni, in ga ana jan guga daga cikin dutse, ruwa na zuba ba ya ƙarewa, har motar ta faɗa rami in farka da fensir a hannu.

Wata rana ta sa muka bi ta hanyar Babura don ta ga wani famfo da aka kafa shekarun baya. Muka same shi a tsaye a fili, hannunsa ya karye, an ɗaure jaki a jikinsa. Ta daɗe tana zagaya shi tana rubutu. Ta tambayi wani dattijo da ke zaune a inuwa na wane ne, ya ce na waɗanda suka kawo shi ne, su ake jira su zo su gyara. A mota ta ce mini wannan shi ne duk abin da ya raba ta da ƙasarsu: tana son ta san yadda abu yake zama na mutane. Na gyaɗa kai kawai. A raina na ce ke dai ki ba Adda rijiya, ki ga ko za a ɗaure jaki a bakinta.

Aikin ba wuya. Mu gai da mai gari, mu yi sallama a gida, a shimfiɗa mana tabarma, a kawo fura. Ita ta karanta tambaya daga fom, ni in juya ta Hausa, in rubuta amsa. Ina kuke ɗebo ruwa, sau nawa a yini, tulu nawa. Sai babbar tambayar, wadda a kanta ake tara yawan mutanen ƙauye: 'ya'yanki nawa, faɗi sunayensu. Mata su sunkuyar da kai su lissafo, ni in rubuta da kyakkyawan rubutuna na malamar makaranta, ina jin kaina. Na tuna wata yarinyar mace a wani gida kusa da Gwiwa, da jariri yana tsotso a ƙirjinta, ta ce ita ba ta da ko ɗaya. Baturiyar ta nuna jaririn. Yarinyar ta ja mayafi ta rufe fuska ta ce, "Na su Goggo ne." Na rubuta babu, muka wuce ɗakin uwar mijin, ita kuma ta lissafo waɗanda ta haifa, ta tsallake mijin yarinyar tunda shi ne na farinta. Uba da ɗa suka ɓace daga takarda a gida ɗaya, da hannuna, ban ji komai ba.

Sai a mako na huɗu muka isa ƙauyen su Adda. Mun tarar ta dawo daga ƙorama ke nan, tana sauke tulu, gammon ya yi mata shaida a ka. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa tana duban tulun. Ta yi wa Baturiyar maraba da fara'a sosai, har da tsokanarta a kan hancin. A hanya na riga na gaya wa Baturiyar gidan mahaifiyata za mu shiga, tana ta murna. Da muka zo babbar tambayar na yi ta yadda na saba yi wa kowa.

"Adda, wai 'ya'yanki nawa?"

"Uku," in ji ta. Ta faɗi sunayen ƙannena maza biyu da autarmu mace, ɗaya bayan ɗaya, ta tsaya a nan.

Na rubuta uku. Baturiyar ta leƙo takardar, ta dube ni, ta ce da Turanci, "Ba kin ce ita ta haife ki ba?" Na ce ita ce. Ta ce to ina sunana. Na buɗe baki zan ce ai ba a faɗin ɗan fari, sai na gane abin da nake shirin faɗa. Gidajen da muka shiga mako huɗu suka dinga wucewa ta gabana, da matan da suka sunkuyar da kai, da yarinyar nan mai jariri. Kowace mace ta ɓoye mana mutum ɗaya, kuma ni da aka ɗauko don na san mutanen, ni ce na fi kowa sanin haka.

Da la'asar a barandar gidan baƙin da ta sauka a Kazaure na yi mata bayani. Ta ajiye tabaranta ta ce ba ta gane ba, yaya uwa za ta yi musun ɗanta. Nan raina ya ɓaci, ɓacin da ban san ina ɗauke da shi ba. Na ce mata ba musu ba ne, kunya ce, kuma wanda bai san kunya ba bai kamata ya zo yana shiga ɗakunan mutane da takarda ba. Na faɗi wasu maganganun da suka fi wannan zafi. Ta bar ni har na gama, sannan ta tambaye ni a hankali ko abin ba ya yi mini ciwo. Na ce ba ya yi. Ƙarya na yi mata. Ranar ce na fara jin ciwonsa, da na ga hannuna ya rubuta uku.

Ta jawo takardar da take jera ƙauyukan, ta nuna mini layin da ta ja. Waɗanda ke sama za su samu rijiya, na ƙasa sai wani jiƙon. Ƙauyen su Adda yana ƙasa da layin, dab da shi. Na ce to mu koma can mu gyara. Ta girgiza kai. Ta ce in za a gyara, ƙauyukan duka za a sake bi, kuma in sani su ma za su ƙaru, rijiyoyin ba za su ƙaru ba, ba ta yi mini alkawarin komai ba. Saura mata mako biyu ta tafi. Na ji haushinta ƙwarai, don na san gaskiya ta faɗa. Matsalar da ta rage ita ce yadda za a tambayi mace abin da ba za ta taɓa faɗa ba.

Na koma gida na zauna a bakin murhu ina ta juya abin. Iya tana kwasar tuwo, ta dube ni ta ce, "Malama, yau kuma wa ya taɓa boko?" Na ba ta labari. Ta yi dariya har ta ajiye mara.

"Ku da karatunku. Shekara nawa kika yi ana ɗora miki takarda a ka, a ce ki rasa wannan? Wa ya ce ki tambayi mace abin da ta haifa? Tambaye ta abin da take ciyarwa."

"To Iya, ai shi ma sai ta faɗi suna."

"Wane suna? Ki sa ta fito da akussanta. Ki nuna ɗaya ki ce hannu nawa ke shiga nan. Hannu ai ba shi da suna, ba mai jin kunyarsa." Ta turo mini nawa tuwon da ƙafa, ta ce in ci in daina yi mata fuskar jaje a gida.

Haka muka yi. Mako biyun nan ba na tuna su daki-daki, sun haɗe mini wuri ɗaya kamar yini guda mai tsawo. Abin da nake gani shi ne tsakar gida bayan tsakar gida, an share, rana tsaye, mata suna fito da akussa suna jerawa a kan tabarma. Baƙaƙe, masu sheƙin man shanu, wasu sun gaji hannun kakanni har bakinsu ya side, a tsakaninsu kuma sababbin kwanonin sha masu fure da kuɗin mai ya kawo kasuwar Gwiwa. In nuna, a ce hannu ɗaya, na maigida. In nuna, a ce hannu huɗu, na samari. Mata suka mai da abin wasa, maƙwabta suna leƙowa ta katanga suna gyara wa juna. Yarinyar nan mai jariri ta fito da wani ɗan ƙoƙo kamar tafin hannu, ta ajiye a ƙarshen layi ba ta dubi kowa ba, ta ce, "Wannan na kunu ne, mai shi bai fara sa hannu ba." Baturiyar ta yi dariya har da hawaye, ta ce in rubuta shi.

Ƙauyukan suna ta kumbura a takarda, ni kuma ba na murna da haka, don duk hannun da na rubuta a wani gari kamar ina ƙara wa Adda tafiya ne. Ban rage ko ɗaya ba, amma Allah ya sani na yi tunanin ragewa.

Ƙauyen su Adda shi ne na ƙarshe, ana jibi Baturiyar za ta tafi. Muka gama sauran gidajen, muka shiga namu rana ta karkata. Adda ta riga ta ji labari, ta jera nata a inuwar rumbu. Na Baffa, maigidan, hannu ɗaya. Na ƙannena maza da ɗan baffanmu da ke zaune a gidan, hannu uku. Nata da auta, hannu biyu. A ƙarshen layin akwai wani ƙaramin akushi, tsoho, ya taɓa tsagewa an ɗinke shi da waya. Ban san shi ba. Duk zuwana hutu da auta nake ci.

"Wannan fa, Adda?"

"Hannu ɗaya." Ta faɗa idonta a kan Baturiyar, ba a kaina ba.

Dokar fom ɗin ita ce sai wanda ke kwana a gidan ake rubutawa, don haka Baturiyar ta ce in tambaya ko mai shi yana nan. Na tambaya.

"Mai shi ba ta kwana nan," in ji Adda. "Tun da aka yaye ta aka tafi da ita. Amma ana zubawa."

"Kullum?"

"Kullum. In Allah ya kawo baƙo ya ci. In bai kawo ba, da safe a ɗumama." Ta ɗauki akushin ta goge bakinsa da gefen zane, ta mayar inda yake.

Aikina ne in juya maganar zuwa Turanci. Na fara, na kai rabi, na tsaya. Na zauna ina kallon wayar da aka ɗinke tsagar, ina lissafin damina da rani tun daga yayena, da ranakun da nake kwalejin mata ina cin shinkafa ina cewa ba wanda ya damu da ni a wancan gidan. Baturiyar ba ta buƙaci sauran ba, Hausar littafin nan tata ta ishe ta ranar. Na daure na ce mata wannan ba ya cikin lissafi, mai shi ba ta kwana nan, doka ce. Ta karɓi fensir daga hannuna. Ta ce ita ruwa ta zo bincike, tuwon da ake zubawa a akushin nan kuwa da ruwa ake tuƙa shi, kuma a kan matar nan ruwan yake zuwa. Ta rubuta hannu ɗaya da kanta.

Ban taɓa sanin ko hannun nan ɗaya ya yi wani tasiri ba. Ta tafi da takardunta, damina ta sauka ta ɗauke, wata ta sake zuwa, ba labari. Na daina zancen, Iya ma ta daina tsokanata a kai, wanda shi ya fi nuna mini ta tausaya. Sai a rani na biyu ƙanena ya zo Kazaure a keke, ya ce wasu mutane sun sauka bayan gari da siminti da ƙarafa.

Ranar da aka kai ga ruwa ina wurin. Gari duka ya fito, mai gari ya yi addu'a, aka zura sabon guga. Na leƙa, can ƙasa na ga sama zagaye, ƙarama, da kawunanmu kewaye da ita suna rawa. Mata suka ce Adda ta fara ja, tunda a gidanta Baturiya ta fi daɗewa. Ta ja a hankali, kan nan a karkace gefen hagu ko da ba tulu. Ba ta sha ba. Ta sa hannu cikin zane ta fito da ƙaramin akushin, ashe da shi ta fito daga gida, ta cika shi, ta miƙa wa auta tana duban wani wajen.

"Kai wa mai shi," in ji ta.

Ruwan da ɗanɗanon siminti, da sanyi har cikin haƙori. Na shanye shi duka a durƙushe, a gaban mutane.

Rijiyar tana nan har yau, ko da yake an yi burtsatse kusa da ita. Ba a taɓa ɗaure jaki a bakinta ba, Adda ce ta riƙa bin gida-gida tana tara gudummawa in igiya ta tsufa ko ana son yasa, har ƙarfinta ya ƙare. Ban sake ganin Baturiyar ba, ban san abin da ta rubuta a kanmu ba, ko ta samu amsar da ta zo nema. Adda ta rasu ba ta taɓa kiran sunana ba. Da aka zo rabon kayanta, auta ta ce wannan ba ya cikin gado, an daɗe da faɗa mata na wace ce. Yana kan kantata yanzu, wayar ta yi tsatsa, a ciki nake cin tuwo in ni kaɗai ce a gida.